Kafin A Kwashi Iyali Zuwa Babban Gidan Namun Daji Na Bayan Gari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mai farin jini. Mu masu wannan wasiƙa aikinmu kula da namun daji ne da lafiyarsu, kuma duk wanda ke wannan aiki ya san ƙorafin da ake yi a bakin ƙofar fita da zarar an shiga hutun makaranta: an yini ana tafiya, yara sun galabaita, zaki bai ko ɗaga kai ba, dorina kuwa kunnuwanta kaɗai aka gani. Wasu har su ce an cuce su. Galibi matsalar ita ce sun je babban gidan namun daji na karkara da tunanin ƙaramin gidan zu na cikin gari, inda keji ke manne da keji. Na karkara an tsara shi ne don dabba ta sake, kuma duk faɗin da aka ba dabba, mai kallo ne ke biyansa da ƙafarsa da haƙurinsa.

A duba girman wuraren nan. Gidan zu na birnin Landan eka 36 ne. Ƙungiyar da ke da shi ta buɗe Whipsnade a karkarar Ingila a shekarar 1931, shi kuma eka kusan 600, wato ya ninka na birnin fiye da sau goma sha shida. A Amurka, gidan zu na cikin San Diego eka ɗari ne, ɗan'uwansa na bayan gari da aka buɗe a 1972 kuwa eka 1,800. Na Toronto a Kanada hekta 287 ne, wato eka kusan 710, hanyoyin ƙafa da ke cikinsa sun haura kilomita goma. Babban mutum kan yi kilomita huɗu zuwa biyar a awa, amma da ɗan shekara huɗu a hannu da ƙyar za a yi biyu. Ashe kilomita goma awa biyar ke nan na tafiya zalla, ba a tsaya kallo ba, ba a ci abinci ba, ba a kai kowa bayan gida ba. Yaro ƙasa da shekara biyar kuwa, idan ya yi kilomita biyu ko uku zai fara neman a ɗauke shi. Saboda haka iyalin da suka ƙuduri sai sun ga komai a yini ɗaya, su ne ke komawa gida da kuka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana gobe a nemo taswirar wurin, a zauna da yaran kowa ya zaɓi dabba ɗaya ko biyu da ya fi son gani, a haɗa biyar ko shida, a ja hanyar da za ta bi ta kansu ba tare da an yi ta kai da komowa ba. Sauran duk riba ce. A tabbatar da lokacin buɗewa da lokacin da ake daina shigar da mutane, don ya kan riga lokacin rufewa da awa guda ko fiye. A tambaya ko akwai sashen da ke rufe. Ɓarkewar murar tsuntsaye, alal misali, kan sa a kulle sashen tsuntsaye na makonni. Idan akwai bas ko ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaya cikin wurin, a san lokacin sawunsa na ƙarshe, domin wanda ya rasa shi a can ƙurya zai tako kilomita biyu ko uku da yara masu barci.

Sai batun lokaci, wanda shi ne rabin nasarar yinin. Zaki kan kwashe awa goma sha shida zuwa ashirin a rana yana kwance, a daji ma haka yake, ba rashin lafiya ko yunwa ba ce. Shi da damisa da kura sun fi motsi da sanyin safiya da kuma gab da faɗuwar rana. Dorina da dare take fita kiwo, rana kuma a ruwa take yini. Tana iya nitsewa kimanin minti biyar kafin ta leƙo ta shaƙi iska, don haka wanda ya tsaya minti ɗaya ya wuce zai rantse tafkin babu komai. Abin da ya fi shi ne a iso ana buɗe ƙofa, a wuce kai tsaye zuwa wurin masu cin nama ko zuwa ɓangaren da ya fi nisa, yayin da jama'a ke cunkushe a dabbobin bakin ƙofa. Da safe ne ake fito da dabbobi daga ɗakunan kwanansu, suna zagaya filinsu suna sunsunar abin da ma'aikata suka ɓoye musu. Daga sha biyu zuwa uku a bar fili, a shiga ɗakin macizai da kadoji, ko na kifaye, ko na dabbobin dare, a ci abinci a inuwa. Da la'asar sakaliya a sake komawa wurin waɗanda aka tarar suna barci. Ranar da aka yi lumshi ko ɗan yayyafi ta fi ranar ƙwallelliyar rana kyau ga mai son ganin motsi, ga kuma ƙarancin cunkoso.

A bakin ƙofa akwai allon da ke nuna lokutan ciyar da dabbobi da lokutan da masu kula da su ke yi wa jama'a bayani. A ɗauki hotonsa da waya, a zaɓi biyu, a isa minti goma sha biyar kafin lokaci don yara su samu gaba. A nan ne ake ganin giwa tana aiki da haurenta da hancinta, a nan ne kuma yaro zai yi tambaya a ba shi amsa ta gaskiya. Giwa babba tana iya cin kilo 150 na ciyawa da ganye a rana, shi ya sa ita da wuya a same ta ba ta yin komai.

Kallon ma akwai yadda ake yinsa. A tsaya minti goma a wuri ɗaya, a duba ƙarƙashin inuwa, da kan duwatsu, da rassan bishiya, da kusurwar da ta fi nisa da hanyar mutane. Madubin hangen nesa guda ɗaya ya ishi iyali, kuma mai kusantowa sau takwas ya fi dacewa, don wanda ya fi haka rawa yake yi a hannun yaro. A ɗakin dabbobin dare, an juya musu rana ta zama dare da fitilu masu duhu. Ido na bukatar minti biyar zuwa goma kafin ya fara rarrabe abu, kuma walƙiyar kyamara ɗaya ta isa ta kori dabbar cikin raminta ta kuma lalata wa kowa ganinsa.

Kayan tafiya ba su da yawa. Takalmi rufaffe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, hula, kayan canji ga ƙananan yara, da keken tura jariri mai manyan tayoyi, don masu ƙananan tayoyi maƙalewa suke yi a tsakuwa. Mai asma ya riƙe maganin shaƙarsa a aljihu, saboda ƙurar busasshiyar ciyawa da gashin dabbobi. A karɓi taswirar takarda ko da akwai ta waya, domin sabis kan yi rauni a karkara, batiri kuma hotuna na cinye shi kafin azahar. Balan-balan da tsinken shan lemo na roba a bar su a gida; wurare da yawa sun hana shiga da su saboda iska na kai su cikin filayen dabbobi su haɗiye.

Yanzu ga abin da ya fi sa muka ɗauki alƙalami, wato shinge. A 1907 wani Bajamushe mai suna Carl Hagenbeck ya buɗe gidan namun dajinsa a Hamburg ta Jamus, ya maye gurbin sandunan ƙarfe da ramuka masu zurfi da ruwa, don mai kallo ya ga dabba kamar babu abin da ya raba su. Manyan gidajen karkara na yau kusan duk wannan tsarin suka gada. Yana da kyau ga ido, amma yana yaudara. Shinge biyu ne a kowane wuri mai haɗari: akwai na tsare dabba, wato ramin ko katangar ko wayar lantarki, akwai kuma ɗan gajere na tsayar da mutane, wanda sau da yawa bai wuce ƙugu ba. Tazarar da ke tsakaninsu ba ado ba ce, an auna ta ne da tsawon hannun dabbar ko hancinta ko tsallenta. Shuke-shuken da aka dasa a tsakani su ne ke ɓoye bakin ramin, sai yaro ya ɗauka lambu ne da za a iya ratsawa.

A watan Mayun 2016 a gidan zu na Cincinnati ta Amurka, yaro ɗan shekara uku ya ƙetare irin wannan gajeren shinge, ya kutsa ta cikin shuke-shuke, ya faɗa ramin goggon biri mai zurfin kusan mita huɗu da rabi. An ceci yaron, amma sai da aka harbe goggon birin mai suna Harambe. Mutane da yawa sun tambayi me ya sa ba a yi masa allurar barci ba. Allurar barci tana ɗaukar mintuna kafin ta kwantar da dabba mai wannan girma, zafin sukarta kuma na iya harzuƙa ta a daidai lokacin da yaro ke hannunta. Kafin nan, a Nuwamban 2012 a gidan zu na Pittsburgh, ita ma a Amurka, an ɗaga yaro ɗan shekara biyu a kan dogarin wurin kallo don ya ga karnukan daji sosai, ya suɓuce ya faɗa cikinsu, suka kashe shi. Kan ƙaramin yaro ya fi nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, don haka da zarar ya ɗan sunkuya gaba, kan ne ke jan sauran jikin. Kada a zaunar da yaro a kan shinge, kada a tsayar da shi a kai, kada a ɗora shi a wuya ana manne da dogarin. Idan ba ya gani, a nemi tagar gilashi da ta sauko har ƙasa, ko a ɗauke shi a ƙirji a ja baya taku biyu.

Hula ko waya ko takalmi ya faɗa ciki, a kira ma'aikaci. Suna da dogayen sanduna na ciro irin wannan, ko su jira an shigar da dabbar ɗaki. Idan kuwa, Allah ya kiyaye, mutum ne ya faɗa, ihun jama'a shi ne ke ƙara dagula lamarin, don hayaniya na tayar wa dabba hankali ta kuma hana ta jin kiran mai kula da ita. Mutum ɗaya ya ruga ya kira ma'aikata, saura su ja baya su yi shiru. Haka nan idan aka ji sanarwar dabba ta kuɓuce: a ɗauki ƙananan yara a hannu, a shiga gini mafi kusa ko mota a rufe ƙofa, ba da gudu ba, a zauna har sai an ce a fito.

Tsokana ma tana da nata sakamakon. Kada yakan buɗe baki ya sandare a rana don ya rage zafin jikinsa, sai a samu masu jifansa da dutse wai su gane ko mai rai ne. Jifan na fasa ido. Buga gilashi kuwa, ga kifi ko maciji, girgiza ce da suke ji a jikinsu gaba ɗaya. Ga manyan birai, zura musu ido da bayyana haƙora alamar neman faɗa ce, ko da mutum murmushi yake nufi. A Rotterdam ta ƙasar Holan a 2007, wani goggon biri mai suna Bokito ya tsallake ramin ruwansa ya ji wa wata mata munanan raunuka, matar da ta saba zuwa tana kallonsa ido cikin ido tana yi masa murmushi. A koya wa yara su kalli biri a kaikaice, su rage murya.

Ciyar da dabba abin da aka zo da shi daga gida, wannan shi ne laifin da mutanen kirki suka fi aikatawa, don tausayi ne ke kawo shi. Barewa da ɓauna da raƙumin dawa duk masu tuƙa ne. Tumbinsu cike yake da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa sannu a hankali. Burodi da biskit da alewa kuwa nan da nan suke tsami a ciki, sai tsamin ya yi yawa ya kashe waɗancan halittun, ciki ya kumbura, dabba ta daina tuƙa, kofato ya kama ciwo, wata ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai bayarwa yana ganin ɗan guntu ne kawai ya miƙa, ya manta mutum nawa suka miƙa irinsa kafin shi a ranar. Leda mai ƙanshin abinci ita ma haɗiye ta suke yi, ba ta narkewa, tana taruwa a tumbi har ta toshe shi. Tsabar kuɗin da ake jefawa a tafki, kadoji da tsuntsayen ruwa na haɗiyewa, ƙarfen ya zame musu guba. Birai kuma kusancinsu da mu ne matsalarsu: mura da ƙyanda da tarin fuka duk suna kama su daga mutane, ƙwayar cutar da ke fito wa mutum da 'yan ƙuraje a leɓe kuwa tana kashe wasu ƙananan birai na Kudancin Amurka. Ragowar ayabar da yaro ya gutsura da yawunsa a jiki ta isa. Ban da wannan, birin da ya saba karɓa daga hannu ƙwace yake koya, daga ƙwace sai cizo.

Inda aka halatta ciyarwa, a yi amfani da abincin da wurin ya tanada kaɗai. A buɗe tafin hannu sosai, yatsu a haɗe, abinci a tsakiya, don dabba ba ta bambance yatsa da karas. Raƙumin dawa harshensa ya kai kusan santimita 45, shi zai miƙo ya karɓa, ba sai an matsa ba. Kada a shafa kansa, don da kai yake duka. Jakin dawa na cizo, jimina na saran abu mai ƙyalli kamar ɗan kunne da tabarau. Wanda biri ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na tsawon minti goma sha biyar, a sanar da ma'aikata, a je asibiti a ranar, komai ƙanƙantar raunin.

Abin mamaki, wani sashen da kan kwantar da yara a asibiti shi ne wanda iyaye ke sakin jiki da shi, wato inda ake shafa awaki da tumaki da 'yan maruƙa. Waɗannan dabbobi na iya ɗauke da ƙwayar E. coli O157 a hanjinsu alhali lafiyarsu ƙalau, ƙwayar na fita a kashi ta manne a gashi, da ƙofofi, da ƙasa, da tafin takalmi. Kaɗan ƙwarai ta isa ta sa ciwo. A 2009 a wata gonar baƙi da ke Godstone a Ingila, mutum 93 suka kamu, yawancinsu yara, wasu har ƙodarsu ta taɓu. Akwai kuma Cryptosporidium mai kawo gudawa, wadda man goge hannu mai barasa ba ya kashe ta. Don haka man goge hannu da tsumman goge jarirai ba sa maye gurbin wanki. Sabulu da ruwa mai gudu, daƙiƙa ashirin, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a busar da takarda. Babba ne zai wanke wa ɗan ƙasa da shekara biyar, ba a bar shi ya jiƙa hannu ya ce ya gama ba. A wanke bayan an fito daga sashen ko da ba a taɓa dabba ba, a sake wankewa kafin a ci wani abu. Kada a shiga da abinci, ko kwalbar madara, ko abin tsotson jariri, kuma abin da ya faɗi ƙasa a can ba ya komawa baki. Keken jariri a bar shi a waje, don tayoyinsa na kwaso kashi har cikin mota. Mai juna biyu ta nisanci tumaki da awaki masu haihuwa da jariransu, domin akwai cututtukan da ke sa su ɓari waɗanda ke iya yi wa cikinta illa. Kunkuru da ƙadangaru da 'yan tsaki kuma gidan ƙwayar salmonela ne, bai kamata ɗan ƙasa da shekara biyar ya riƙe su ba.

Wasu manyan wuraren suna da sashen da ake ratsawa a mota cikin dabbobi sakakku, tsarin da gidan namun daji na Longleat da ke Ingila ya fara a 1966 a wajen nahiyar Afirka. Kafin a shiga a duba mai da ruwan lagireto, domin tafiyar a giya ta ɗaya ko ta biyu ake yinta, ana tsayawa ana tashi, wani lokaci fiye da awa guda, kuma a irin wannan tafiya ce inji ke zafi kuloci ya ƙone. A kai yara bayan gida tukuna, don babu wurin tsayawa. A kulle ƙofofi, a danna makullin yara na ƙofofin baya da na gilasai. Idan mota ta mutu, a kunna fitilun haɗari, a danna hon, a zauna ciki har motar sintiri ta iso. Ba a fita, ko da ba a ga dabba ko ɗaya ba. A watan Yulin 2016 a Badaling kusa da Beijin, wata mata ta fito daga mota a sashen damisar Asiya mai ratsi, ɗaya ta fizge ta cikin daƙiƙoƙi, mahaifiyarta da ta fito ceto kuma wata ta kashe ta. Sashen birai ba ya kisa amma yana ɓarna: waifa, eriya, robar gilashi, madubin gefe, duk abin wasansu ne. Mai jin motarsa ya tambaya ko akwai hanyar kaucewa, yawanci akwai. Karkanda ko giwa ta tare hanya, a tsaya nesa a jira, kada a yi mata hon, kada a raɓa ta gefenta.

Rana ita ce ɗaya abokiyar gabar yinin, don filayen buɗaɗɗu ne, inuwa kuma tsakaninta da nisa. A ranar zafi a tanadi aƙalla lita biyu na ruwa ga kowane babba, lita ɗaya ga kowane yaro, a riƙa ba yara kowane rabin awa ba sai sun nema ba, don wasa na mantar da su ƙishirwa. Jaririn da bai kai wata shida ba kada rana ta same shi kai tsaye, kuma kada a lulluɓe kekensa da mayafi, zafi ne ke taruwa a ciki. Ciwon kai, jiri, amai da kasala alamun zafi ya fara yin yawa ne: a kai inuwa, a rage tufafi, a shafa ruwa a jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya fara ruɗewa ko sambatu ko ya suma, wannan na gaggawa ne, a kira ma'aikatan agajin wurin nan take ana ci gaba da sanyaya shi. Kada a bar yaro mai barci a mota ko na minti biyar. Zafin cikin mota a rana na iya hawa da digiri goma sha ɗaya cikin minti goma, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar. Idan hadari ya taso da tsawa, gindin bishiya a fili shi ne wuri mafi muni. A shiga gini ko mota, a jira rabin awa bayan tsawa ta ƙarshe.

Ɓatan yaro kuwa yawanci a wurin ciyarwa yake faruwa ko a filin wasa, lokacin da kowane babba ya ɗauka yaron na hannun ɗayan. A raba tun farko, wane na hannun wane, kuma idan za a sauya a faɗa da baki. A ɗauki hoton kowane yaro da safe cikin kayan da ya sa, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu ko a ɗaura a hannu, a nuna masa irin rigar da ma'aikata ke sawa, a gaya masa idan bai ga kowa ba ya tsaya inda yake. Kada a ɓata minti ashirin ana nema a ɓoye don kunya. Ma'aikata suna da rediyon hannu, suna iya sa ido a ƙofofin fita cikin minti ɗaya.

Masu gudanar da irin waɗannan wurare su ma muna da magana da su, don ba duka nauyin ke kan iyaye ba. Famfo da sabulu a daidai ƙofar fita daga sashen shafa dabbobi, mai tsayin da yaro zai kai, ya fi alluna goma na gargaɗi. Taswira ta nuna nisa da mintunan tafiya da inda hawa yake. Shingen mutane ya zama wanda yaro ba zai samu wurin taka ƙafa ya hau ba, a kuma riƙa auna na dabbobi da ma'aunin da masana suka amince da shi. Bayan da wata damisar Asiya mai ratsi ta haure katangarta a gidan zu na San Francisco ta Amurka a Disamban 2007 ta kashe wani matashi, an gano katangar ba ta kai tsayin da aka ba da shawara ba. Mai ziyara da ya ga waya ta tsinke, ko ƙofa a buɗe, ko dabbar da ke kai da komowa a layi ɗaya tsawon yini ba don jiran abinci ba, yana da haƙƙin ya kai rahoto ofis.

Bayan an dawo gida, a goge takalma da tayoyin keke a waje, a wanke tufafin da aka shiga wurin dabbobi da su, a sake wanke hannu. A duba jikin yara ko kaska ta kama, musamman bayan kunne, hammata, bayan gwiwa da cikin gashi. Idan an samu, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a miƙe a hankali, ba a murɗa ta, ba a ƙona ta. Sannan a sa ido na mako biyu. Salmonela kan nuna kanta daga awa shida zuwa kwana shida, E. coli galibi kwana uku zuwa huɗu, Cryptosporidium kusan mako guda. Gudawa mai jini ko ciwon ciki mai tsanani, a kai yaro asibiti a gaya wa likita an je wurin dabbobi da ranar da aka je. Kada a ba shi maganin tsayar da gudawa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka, don a ciwon E. coli O157 suna iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda. Idan kuma kimanin mako guda da fara gudawar fitsarinsa ya ragu, ya yi fari fat, ya yi laushi, a koma asibiti ko da gudawar ta tsaya.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Naka,
Wasu masu kula da namun daji da likitocin dabbobi